Sunan Suruki a Ƙasan Shafi

Rikicin ƙasa ne ya mayar da ni malamin jami'a tun ban isa ba. Ni dai ƙaramin mataimaki ne a sashen tarihi, aikina nemo wa manya littattafai a laburare da tsaron ɗalibai ranar jarrabawa, sai aka wayi gari abokan aikinmu 'yan Gabas sun tattara iyalansu sun tafi gida. Wanda nake ƙarƙashinsa, mutum mai yawan dariya da zuƙar lofe, ya bar min mabuɗin ofishinsa, ya ce in riƙe masa ɗalibansa kafin abubuwa su lafa. Abubuwa ba su lafa ba. Shekara ta zagayo aka fara yaƙi, ni kuwa ina nan a kujerarsa, ina duba rubutun mutanen da wasu daga cikinsu sun girme ni.

A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife ni, kuma a Sabo nake kwana duk tsawon lokacin nan. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya sa ya kai ni boko a zamanin da mutanen unguwarmu ke ganin hakan ɓata yaro ne. Ba su taɓa gane aikina ba. In na fito da safe zan hau motar da ke bin hanyar Ojoo, sai dillalan goro su bi ni da tsiya, wai har yanzu karatun nan bai ƙare ba, ga sa'o'ina sun yi Makka sun dawo. Nakan yi dariya in wuce, amma abin yana min ciwo fiye da yadda nake nunawa.

Ƙa'idar sashenmu ita ce duk ɗalibin shekarar ƙarshe sai ya yi dogon rubutu na kansa. Zai zaɓi wani abu na tarihi, ya je ya tambayi tsofaffi, ya dawo ya rubuta da Turanci. Ni zan fara dubawa in ba da maki, sannan Farfesa, shugaban sashe, ya sake dubawa. Wanda rubutunsa ya faɗi ba shi da digiri, ko da ya cinye sauran jarrabawar duka. Akwai kuma sharaɗin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: duk maganar da ka ɗauko daga bakin wani, sai ka sa sunansa da sana'arsa da inda kuka zauna a ƙasan shafi, a ɗan rubutun nan da muke kira futnot. Dalili kuwa, a lokacin akwai manyan masana a ƙasar Turai da ke cewa mu ba mu da tarihi sai tatsuniya, tunda ba a iya bin diddigin abin da tsoho ya faɗa. Malamanmu suka ɗaura ɗamarar ƙaryata su. In ka sa suna, wani zai iya zuwa ya tambayi mutumin ya ji ko ka yi masa ƙari. Na yarda da wannan ƙa'ida a lokacin, kuma har gobe na yarda da ita.

Kowane ɗalibi da irin ciwonsa. Yaran da suka fito daga makarantun mishan sukan cika shafi da manyan kalmomi, ka karanta har ƙasa ka rasa abin da aka ce. Namu na Arewa, ɗan kaɗan ɗin da ke akwai, ciwonsu "an ce". An ce kaza ya faru, an ruwaito kaza. Jan birona ya gaji da tambayar wa ya ce, kuma shi ta ina ya sani. Ina da zafi a wancan lokacin, irin zafin wanda ba shi da tabbacin kujerarsa, har ɗalibai suka riƙa cewa takarda in ta fito daga ofishina kamar an yanka kaza a kanta.

A cikin waɗanda suka faɗo hannuna a shekarar da aka fara yaƙi akwai wani mutumin ƙasar Zazzau. Ya yi hedimasta a firamare shekaru da dama kafin gwamnatin Arewa ta turo shi ƙaro karatu, don haka ni da kowa Hedimasta muke ce masa, shi kuma yana ce min Malam duk da ya ba ni shekaru. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya shiga ofishina sai ya yi sallama ya jira. Da ya zo Ibadan a Sabo ya sauka, a gidan wani Alhaji, babban mai gidan shanu, irin waɗanda fatake ke sauka wurinsu su sayar musu da dabbobi ga mahautan Yarabawa. Zama ya yi daɗi, Alhaji ya ga hankalinsa, ya ba shi 'yarsa. Suka ci gaba da zama a wani sashe na gidan. Da aka ce ya zaɓi abin da zai yi rubutu a kai, sai ya zaɓi asalin cinikin shanu a Sabo, ni kuma na yaba, don ga tarihin nan a ƙofar ɗakinsa.

Ranar da ya kawo rubutun farko na ji daɗin Turancinsa, tsaf, ba kumbura. Amma tun shafi na biyu na fara cin karo da wani "dattijo mai daraja". Dattijo mai daraja ya ce, dattijon da aka ambata ya ƙara da cewa. Kowa ya sami sunansa a ƙasan shafi, har mai kiwon da ya yi hira da shi a tsaye, sai wannan dattijo shi kaɗai. Na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai a ofis, don na san ko wane ne. Da a ce Bature ne ke dubawa sai ya ɗauka ɗalibin ƙirƙiro mutumin ya yi. Ni kuwa na san surukinsa ne, kuma na san Bahaushe mai kunya zai gwammace a tsire shi da ya kama sunan uban matarsa, da baki ko da alƙalami.

Wannan bai ba mu wuya ba. Na ce masa ya bar fili duk inda sunan ya kamata ya shiga. Da aka kai wa mai buga mana tafireta, wata Bayarabiya mai kaifin baki, ni na faɗa mata sunan ta cike. Ta yi ta dariya, ta ce ita ta ɗauka matansu na Yarabawa ne kawai aka ɗora wa wannan wahala a gidan miji, ashe akwai inda maza ma ke ɗanɗanawa. Hedimasta ya karɓi shafukan ya duba, ya kau da ido daga ƙasan shafi kamar wanda ya buɗe ɗaki ya tarar ana wanka. Na ɗauka mun gama.

Babi na biyu ne ya tsayar da mu. A ciki ya kawo labarin Alhaji dalla-dalla: cewa mahaifin Alhaji ne ya fara koro garken kansa da ƙafa daga Arewa, ya tsallake kogin Kwara da su, ya iso garin nan, manyan gari suka karɓe shi suka nuna masa wurin zama, sauran Hausawa suka biyo bayansa. Labari mai daɗi, na sha jinsa tun ina yaro. To can a ƙarshen rubutun, bayan an gama komai, a wurin da ake tara tarkacen da bai sami shiga ba, sai na tarar da maganar mutum biyu. Ɗaya tsohuwa ce da ta yi tuwon sayarwa a zango tun tana budurwa, ɗayan kuma tsohon mahauci ne Bayarabe. Ba tare ya gan su ba, amma bakinsu ya zo ɗaya. Sun ce sun san mahaifin Alhaji sarai, kuma ya zo ne cikin yaran da ke koro wa wani attajirin Kano shanu, ya tarar ana ciniki, daga baya Allah ya buɗa masa ya zama mai gidan kansa.

Hedimasta bai ɓoye maganarsu ba, wannan na shaide shi. Abin da ya yi shi ne ya nisanta su da Alhaji iyakar yadda takarda za ta bari, bai ce uffan ba a tsakani. Na rubuta masa da ja cewa labarin nan biyu ba za su zauna a ɗaki ɗaya ba, ya faɗa mana wanda ya fi ƙarfi da dalilinsa. Sannan na sa maki da fensir, ƙasa da na wucewa, don ya san ba wasa nake yi ba.

Ya zo washegari, ya zauna, ya daɗe yana juya takardar. Ya ce ai ya kawo duka biyun, mai karatu yana da hankali, ya zaɓa da kansa. Na ce in haka ne mai karatu za a ba digirin. Na ce tara magana ko rakoda tana yi, aikin ɗalibi shi ne ya auna ya yanke, ya kuma sa hannu a kan hukuncinsa. Na yi ta zuba, har na ce masa yana fakewa da kunya ne don ya guje wa aiki. Ya bari sai da na gaji don kaina.

"Malam, na san wanda ya fi ƙarfi," in ji shi. "Tun ranar da na fito daga wurin tsohuwar nan na sani. Amma a gidansa nake cin tuwo, kuma shi ya yi wa ɗana huɗuba."

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi kuwa lokacin da ake ciki ne. Tun bayan kashe-kashen da aka yi a Arewa hankalin mutanen Sabo bai kwanta ba. Wasu sun tura mata da yara gida, wasu sun ɗaure kaya sun ajiye a bayan ƙofa, musamman da aka ce sojojin Gabas sun tsallako sun doso Yamma. Bayan la'asar akan taru a ƙofar gidan Alhaji a kewaye rediyo, in an gama labarai sai ya gyara zama ya kawo labarin mahaifinsa. Yakan rufe da cewa mu ba baƙi ba ne a nan, wuri aka ba mu da rana tsaka, ba inda za mu. Na ga manyan mutane suna sauke ajiyar zuciya da jin wannan magana, ni ma ina cikinsu.

Na je wurin Farfesa neman sassauci. Bayarabe ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Na tambaya ko za a yarda a cire sunaye a sa haruffa, ko a bar babin yadda yake tunda sauran aikin ya yi kyau. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya fahimta, don shi ma akwai garin da ba ya iya kwana a cikinsa tun da littafinsa ya fito, kuma garin kakanninsa ne. Amma ya ce in aka bar wa wannan saboda suruki, gobe a bar wa wancan saboda sarki, to mu rufe sashen mu koma roƙo. Na fito ina jin haushinsa, haushin da kake ji in mutum ya faɗi abin da kai ma ka san haka yake.

Hedimasta ba shi da hanyar komawa baya. Lokaci ya ƙure, ba zai iya sake wani batun ba, gwamnati kuma ba za ta ƙara biya masa wata shekara ba. In ya faɗi, zai koma ƙauye da furfura a kira shi wanda ya je Ikko ya dawo hannu rabbana, don a wajen mutanen can duk Kudu Ikko ce. Ya roƙe ni in rubuta masa sakin layin da kaina shi kuma ya kwafa, kamar yadda aka yi da sunan. Na ƙi. Suna ana iya aron hannu a rubuta, amma hukunci na mai shi ne, kuma in an zo kare rubutu shi za a tambaya ba ni ba.

Abin da na iya yi shi ne na zauna da shi muka yi ta gwadawa, yana rubutawa ina mayar masa. A nan na fara koyon abin da na ci gaba da koyarwa har na yi ritaya, wato yadda za ka saɓa wa mutum a rubuce ba tare da ka ci mutuncinsa ba. Na farko da ya yi duk ban-haƙuri ne, layi bayan layi na yabon Alhaji, hukuncin ya ɓace a ciki. Na biyu ya yi shi cikin fushi da ni, ya fito da kaushi har ni na tsorata. A hankali muka sami hanya. Ya fara da maganar Alhaji cikakkiya. Ya nuna cewa ba a haifi Alhaji ba lokacin da abin ya faru, a gida ya ji, kuma kowane gida yakan riƙe abin da ya fi ɗaukaka shi. Ya nuna cewa su biyun nan da idonsu suka gani, ba su da abin samu ko rashi a ciki. Sannan ya rubuta, da hannunsa, cewa a ganinsa maganarsu ta fi kusa da abin da ya faru, kuma yaron kora da ya zama mai gida abin alfahari ne ba abin kunya ba. Da ya ajiye biro rigarsa ta jiƙe da gumi, ga shi ranar an yi ruwa gari ya yi sanyi.

Rubutun ya wuce, ya wuce da kyau. Farfesa ya ja layi a gefen wannan sakin layin, ya ce a ajiye kwafi a laburare ɗalibai na baya su ga yadda ake auna shaidu. Na yi murna ƙwarai, har na ji a karon farko kamar na cancanci ofishin da nake zaune a ciki.

Alhaji ma ya yi murna. Ya ji an ce surukinsa ya rubuta littafi a kan Sabo, da sunansa a ciki, sai ya aiko a kira ni in karanta masa da Hausa. A hanya na ce wa Hedimasta zan iya tsallake wurin, ba wanda zai sani a zauren nan. Ya girgiza kai. Ya ce wata rana wani jikan gidan zai shiga boko ya karanta, gara Alhaji ya ji yau a gabansa da ya ji gobe a bayansa.

Aka taru a zaure bayan la'asar, Alhaji da dillalansa da wasu maƙwabta. Hedimasta ya raɓe can bakin ƙofa. Na fara fassarawa, duk inda sunan Alhaji ya fito sai ya yi murmushi ya shafa gemu, dillalai suna ta cewa madalla. Da na iso wurin na rage murya, ya ce in ɗaga, kunnensa ba kamar da ba. Na karanta duka, ban rage ba ban ƙara ba.

"Tisha, su wa suka faɗi haka?" in ji Alhaji.

Na karanto masa sunayen daga ƙasan shafi. Ya ja carbi, sannan ya ce, "To. Ai sun girme ni. Ci gaba."

Na ci gaba har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, bai canja fuska ba, ya sa aka kawo min goro, ya yi wa rubutun addu'a. A hanyar gida na ce a raina ashe tsoron banza muka yi ta ji, dattijo dattijo ne. Abu ɗaya na lura da shi a kwanakin da suka biyo baya: in an gama labarai a rediyo, sai ya sa a kashe, ya shiga hirar farashin shanu.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan fitowar sakamako, Hedimasta ya ce in raka shi ya gaida Alhaji ya sanar da shi an ba shi digiri. Muka iso bayan an sauko daga masallaci. Ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga a sunkuye zai durƙusa a gefen tabarma kamar yadda ɗa ke yi. Kafin gwiwarsa ta kai ƙasa Alhaji ya miƙe tsaye. Tsohon da ko manyan fatake sai ya ga dama yake tashi dominsu ya tako har gabansa, ya dube shi ido cikin ido, ya miƙa masa hannu.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji shi. "An gode Allah. A kawo wa Malam kujera."

Duk wanda ke zauren ya gane, ba wanda ya ɗaga kai. Suruki ba ya ba ka hannu, ba ya kallon ƙwayar idonka, ba ya sa a ɗauko maka kujera. Baƙo ake yi wa haka, baƙo mai daraja wanda za a girmama a sallama. Hedimasta ya tsaya rabi a durƙushe yana kallon hannun nan. Ƙin karɓa rashin kunya ne, don haka ya miƙe ya karɓa da hannu biyu.

Aka kawo kujerar ƙarfe irin ta saukar baƙi, aka ajiye daura da Alhaji. Ya zauna a bakin-bakinta, hularsa a kansa, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Alhaji ya koma tabarmarsa, ya tambaye shi lafiyar iyali da ladabi, kamar ba 'yarsa ba ce iyalin. Ni da na ba da makin ina zaune a ƙasa tare da dillalai, tausayinsa ya cika ni, kuma na rasa ko ɗaya daga cikinsu da zan ce bai yi daidai ba.